Koyon Kiɗa da Amfanin Fasaha ga Yara

Koyon abin kiɗa aiki ne da ke haɗa kunne da hannu da ƙwaƙwalwa a lokaci guda. Yaron da ya rataya kalangu dole ya saurari abin da manyansa ke kaɗawa, ya riƙe shi a ka, ya matse tsarkiya da hammata daidai gwargwado, ya sauke makaɗi a kan fata a lokacin da ya dace, sannan ya ji da kunnensa ko abin da ya fito ya hau ko ya kauce. Duk wannan cikin ƙiftawar ido yake faruwa, kuma sai an maimaita shi ba adadi kafin hannu ya faɗa. Ayyukan da ake ba yaro waɗanda ke neman gaɓoɓi da hankali su yi aiki tare haka ba su da yawa. Shi ya sa masana tarbiyya da masu nazarin ƙwaƙwalwa suka daɗe suna sa ido a kan yaran da ke koyon kiɗa. A ƙasar Hausa batun yana da nasa sarƙaƙiya, domin kiɗa na ko'ina, daga fada har gona, amma koyonsa abu ne da iyaye da yawa ke ɗari-ɗari da shi.

Kayan kiɗan Hausawa sun kasu gida uku: na bugawa, na busawa, da masu tsarkiya. Cikin na bugawa akwai ganga da kalangu da kotso da taushi da jauje da tambari da dundufa, sai ƙwarya da shantu waɗanda suka fi yawa a hannun mata. Na busawa sun haɗa da sarewa da algaita da kakaki da ƙaho. Masu tsarkiya kuwa su ne goge da kukuma, waɗanda ake gogawa da izgar doki, da garaya da gurmi da molo da kuntigi, waɗanda ake kaɗawa. A da kusan kowanne yana da gidan da yake yi wa aiki. Tambari da kakaki na sarki ne, ba a busa wa talaka kakaki komai dukiyarsa, kuma Tarihin Kano ya ambaci kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe da 'yan mata a dandali, dundufa ta maƙera, garaya ta maharba, gangar noma kuma ta manoma ranar gayya.

Makarantar gidan makaɗi

Wannan rabo ya sa kiɗa ya zama sana'ar gado, gidan makaɗi kuma shi ne makarantar. Babu allo, babu rubutaccen sauti, babu ranar da za a ce yau aka fara darasi. Yaro yana jin kiɗan tun yana goye. Da ya ɗan tasa sai a fara tafiya da shi biki ko fada, aikinsa ɗaukar kaya da shanya ganga a rana don fata ta ɗame. Daga nan a miƙa masa ƙaramar ganga, kanzagi ko kuntukuru, wadda ba ta da wani aiki sai riƙe bugu ɗaya tak daga farkon waƙa har ƙarshenta. Wannan mataki ya fi yadda ake zato muhimmanci. Yaron da zai iya tsayawa a kan bugu ɗaya na rabin sa'a, alhali manyan ganguna na kewaye da shi suna shiga suna fita, ya riga ya mallaki ginshiƙin kiɗa, wato kiyaye lokaci. Sai ya nuna ya iya wannan ake barinsa ya shiga amshi, sannan ya taɓa babban abin kiɗa, sannan bayan shekaru ya yi jagora. A hanya kuma yana tsintar abubuwan da mai sauraro ba ya ji a waƙa: wace fata ta dace da wace ganga, yadda ake jeme ta, wane itace ake fafewa, taken kowane basarake da kirarinsa da jerin kakanninsa, wanda in aka yi tuntuɓe a ciki a gaban fada abin kunya ne babba.

Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ta wannan hanya ya biyo. A ƙungiyar mahaifinsa ya tashi, ya daɗe yana ƙarƙashin yayansa Kurna kafin ya kafa tasa ƙungiyar ta kotso, kuma 'ya'yansa sun ci gaba da kiɗan bayansa. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi ma ɗan makaɗin fada ne a Bukuru, sai dai iyayensa sun rasu yana ƙarami. Kuntigin da ya yi suna da shi ba wani abu ba ne illa gwangwanin kifi da aka rufe da fata, da sanda, da tsarkiya ɗaya. Da shi ya zaga ƙasashen duniya, har Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tsadar kaya ba ita ke hana yaro koyon kiɗa ba.

Yaran da ba 'ya'yan makaɗa ba kuwa suna da tasu makarantar, wato dandali. 'Yan mata na gaɗa, ɗaya na bayarwa saura na amsawa, tafi na tafiya da ƙafa, kuma duk wadda ta saɓa lokaci nan take ƙawayenta za su gyara mata. A ɗakin amarya ana buga shantu. Bayan girbi samari kan huda karan dawa su yi abin busa, ƙanana kuma su ɗaure fata ko leda a bakin gwangwani su sami ganga. Idan azumi ya kai kwana goma sai tashe ya fito, wanda wasan kwaikwayo ne cikakke da yara ke tsarawa da kansu: su raba matsayi, su haɗa kayan shiga, su manna gemun auduga, su daidaita kiɗa da waƙa, su bi gida-gida. Babu malamin da ya shirya wannan, amma a ciki yaro na koyon haddace baiti, da tsayuwa gaban jama'a, da jiran lokacinsa. Yau dandali ya yi rauni. Unguwannin birni ba su da fili, rashin tsaro ya hana fitar dare a garuruwa da yawa, waya da talabijin sun cinye lokacin hira, a wasu wurare ma hukuma kan dakatar da tashe saboda ɓata-gari. Abin da yara ke samu kyauta a da, yanzu sai an tanadar musu shi da gangan.

Abin da ke sa iyaye ja da baya

Da wuya a sami uba Bahaushe da zai yi murna in an ce ɗansa zai zama makaɗi. Dalili na farko shi ne roƙo. A tsarin zaman da, makaɗi yana ci ne daga hannun wanda ya wasa, don haka aka sa shi a sahun maroƙa. Ana jin daɗin kiɗansa, ana yi masa kyautar riga da doki, amma in ya zo neman aure sai a fara duba asali. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa ya rasu a 1999, haye ya yi ba gado ba, kuma sananne ne cewa mahaifinsa bai so ya shiga waƙa ba saboda wannan dalili. Daga baya Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, ana kuma ta rubuta kundayen bincike a kan waƙoƙinsa. Abin lura dai shi ne roƙo hanya ce ta biyan makaɗi, ba a jikin kalangu yake ba. Yaro na iya koyon kukuma yadda yake koyon ƙwallo ko ɗinki, ba tare da ya taɓa tsayawa gaban wani yana wasa shi don a ba shi kuɗi ba.

Dalili na biyu ya shafi addini, kuma ba abin da za a yi wa riƙon sakainar kashi ba ne. Malaman Musulunci sun yi saɓani a kai tun da daɗewa. Mafi yawan malaman mazhabobi sun tsananta a kan kayan busa da masu tsarkiya, suka yi rangwame a kan duffi a biki da ranar idi, suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim na 'yan mata biyu da suka yi waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi. Ibn Hazm na Andalus ya tafi a kan halacci, Imam Ghazali kuma ya keɓe babi guda a littafin Ihya'u inda ya rarrabe hukuncin sauraro gwargwadon abin da ake faɗa, da wurin da ake yi, da halin mai sauraro. Jagororin jihadin Sakkwato sun soki kiɗan bori da wanda ke cakuɗa maza da mata, amma sun yi amfani da waƙa sosai wajen karantarwa, kamar waƙoƙin Nana Asma'u da matan ƙungiyarta ta 'yan taru suka riƙa kai wa mata a ƙauyuka. A Kano bandirin Ƙadiriyya ya zauna da gindinsa, yara da yawa a nan suka fara sanin bugu. Kowane gida zai bi fatawar malaman da ya amince da su, kuma gidan da bai yarda da goge ba yana da sauran fili mai faɗi: murya, tafi, duffi, rera ƙasida, zane da wasan kwaikwayo. A coci-cocin da ake ibada da Hausa, kamar a Filato da kudancin Kaduna, yara kan koyi fiyano da jita da ganga cikin ƙungiyar mawaƙa, kuma a nan ake samun koyarwa mai tsari.

Abin da bincike ya tabbatar da wanda bai tabbatar ba

A nan akwai bukatar rarrabe aya da tsakuwa, domin an yi wa kiɗa alƙawuran da ba zai iya cikawa ba. A 1993 wasu masu bincike a Jami'ar Kalifoniya suka kunna wa ɗaliban jami'a 36 kiɗan Mozart na minti 10, sai suka ga sun ɗan ƙara ƙoƙari a wani gwajin tunani a kan siffofi. Ƙarin bai wuce minti 15 ba ya gushe, kuma babu yaro ko ɗaya a cikin binciken. Duk da haka labarin ya bazu cewa sauraron Mozart na ƙara wa jarirai basira, har a 1998 gwamnan jihar Jojiya ta Amurka ya nemi a raba wa kowane jariri faifan kiɗa. Binciken da ya biyo baya bai goyi bayan wannan zance ba.

Koyo da hannu daban yake da sauraro, shi ya sa aka fi nazarinsa. A 2004 Glenn Schellenberg ya wallafa sakamakon gwaji da yara 144 'yan shekara 6 a birnin Toronto na Kanada. Ya raba su gida huɗu: masu koyon fiyano, masu koyon rera waƙa, masu koyon wasan kwaikwayo, da waɗanda ba a koya wa komai. Bayan kusan shekara guda, 'yan kiɗa da waƙa sun ɗara saura da maki kusan 3 a gwajin kaifin basira, wanda ƙari ne ɗan kaɗan. Abin da ba a cika ambata ba shi ne 'yan wasan kwaikwayo ne suka fi kowa samun ci gaba wajen iya zama da mutane. A 2020 kuma Giovanni Sala da Fernand Gobet suka tattara bincike 54 da suka shafi yara kusan 7,000, suka nuna cewa duk inda aka tsara gwajin da kyau, tasirin koyon kiɗa a kan lissafi da karatu da basira gaba ɗaya yakan kusan ɓacewa. Gaskiya ne yaran da ke koyon kiɗa sukan fi ƙoƙari a aji, amma sau da yawa dalilin shi ne gidan da zai iya biyan malamin kiɗa shi ne gidan da ke da littattafai da abinci mai kyau da iyaye masu bibiya. Wanda ya sa ɗansa koyon goge don ya ci jarrabawar lissafi ya bi doguwar hanya.

Abin da ya tabbata shi ne koyon kiɗa na gyara abubuwan da kiɗan ke amfani da su kai tsaye. Binciken da aka yi a Jamus a 1995 ya nuna cewa gadar jijiyoyin da ke haɗa ɓarin dama da na hagu na ƙwaƙwalwa ta fi kauri a makaɗan da suka fara kafin shekara 7. Wani binciken na wannan shekara ya gano cewa a masu kayan tsarkiya, sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da yatsun hannun hagu ya fi na sauran mutane faɗi. Sai kuma kunne. Nina Kraus da abokan aikinta sun bibiyi yaran unguwannin talakawa a Los Anjeles da ke koyon kiɗa kyauta, suka ga bayan shekara biyu ƙwaƙwalwarsu ta fi saurin bambance gaɓoɓin magana masu kama da juna. Shekara ɗaya ba ta wadatar ba, sai da aka yi biyu.

Wannan batu na kunne yana da nauyi na musamman ga mai jin Hausa. Hausa harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya da tsawon wasali ke bambanta ma'ana. Dalilin da ya sa kalangu ke magana ke nan: makaɗi na matse tsarkiya sauti ya hau, ya saki ya sauka, yana bin karin kalmomi har mai take ya ji an kira shi daga nesa. Yaron da ke koyon take a kalangu yana koyon sauraron harshensa ne da kunnen da takarda ba ta bayarwa, tunda rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Haka kuma ma'aunin rubutacciyar waƙar Hausa ya dogara ne a kan jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. Wanda hannunsa ya saba da bugu yakan ji karyewar baiti tun kafin a koya masa sunan kari.

Akwai kuma amfanin da ba a cika aunawa ba, ko da yake duk wanda ya koyar da yara ya san shi. Abin kiɗa ba ya yi wa kowa kara. In yatsa ya kauce daga wurinsa a kan tsarkiya, sautin zai fito a karkace ko ɗan wane ne ya kaɗa, kuma yaron da kansa zai ji ba sai an faɗa masa ba. Gyara kuwa ba ya zuwa sai da maimaici. Yaron da ya yi makonni yana fama da wani salo har ya faɗa masa ya gane da jikinsa cewa abin da ya gagara jiya yana iya yiwuwa gobe, kuma wannan darasi ne mai tsada a zamanin da komai ke zuwa da latsa waya. Ga yaro mai kunya ko mai nauyin baki, abin kiɗa kan zama hanyar fitar da abin da ke ransa.

Kiɗan taro yana da nasa amfani. A 2010 Sebastian Kirschner da Michael Tomasello suka yi gwaji da yara 'yan shekara 4 a Jamus, suka ga waɗanda suka yi waƙa da rawa tare sun fi saurin taimakon juna bayan wasan, a kan waɗanda suka yi wasa iri ɗaya ba kiɗa. A ƙasar Benezuwela, José Antonio Abreu ya fara shirin El Sistema a 1975 da matasa 11 a wani garejin motoci a Karakas, shirin ya bunƙasa har ya game ƙasar yana koya wa dubban ɗaruruwan yara kiɗan taro kyauta. Gustavo Dudamel, wanda ya zama ɗaya daga cikin fitattun jagororin makaɗa a duniya, daga nan ya fito. Da aka auna shirin da yara kusan 3,000, ba a ga ƙarin basira ba, amma an ga ƙarin kamun kai da raguwar rashin ji, musamman a yara maza da suka taso cikin tashin hankali. Wannan sakamako ya cancanci a tsaya a kansa a yankunan da rikici ya raba yara da gidajensu. Tsarin bayarwa da amshi na waƙar Hausa ma horo ne irin wannan: ɗan amshi dole ya saurari jagora, ya shigo tare da 'yan'uwansa, kada muryarsa ta danne tasu.

Sauran fasahohi da halin makarantu

Abin da aka faɗa a kan kiɗa ya shafi sauran ayyukan hannu da na ido. Yaron da ke ƙera motar kara ko ta waya yana auna tsawo, yana daidaita ƙafafu, yana warware matsala in ta ƙi tafiya. Yarinyar da ke zanen lalle ko ɗinkin hula tana aiki da ƙirga da daidaiton ɓangarori. Almajirin da ke zayyanar allo yana horar da hannu da ido kamar kowane ɗalibin zane. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a hannun 'yar'uwar iyayenta a garin Kwali, kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, daga nan ayyukanta suka kai Turai da Amurka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 31, ta sa wasa da shiga harkokin al'adu da fasaha cikin haƙƙoƙin yaro, kuma Najeriya da Nijar duk sun amince da ita.

A takarda, manhajar ilimin farko ta Najeriya tana da darasin al'adu da fasaha wanda ya haɗa kiɗa da zane da rawa da wasan kwaikwayo. A aji kuwa, abin da aka fi gani shi ne malami ya rubuta ma'anar kiɗa da jerin sunayen ganguna a allo, yara su kwafa su haddace don jarrabawa, har su gama firamare ba su taɓa fata ko tsarkiya ba. Malami ɗaya ake ɗora wa fannoni huɗu, kuma da wuya a ce ya ƙware a fiye da ɗaya. Abin takaici shi ne sau da yawa a garin da makarantar take akwai tsohon mai kukuma ko mai algaita da ba shi da magaji, amma ba shi da takardar da za ta ba shi damar shiga aji. Matasan da ke sha'awar kiɗa yanzu situdiyo suke nufa, inda fiyano ɗaya da kwamfuta ke fitar da sautin kalangu da sarewa da komai. Wannan ma fasaha ce, kuma ta ciyar da mutane da yawa a masana'antar finafinan Hausa. Sai dai sautin da na'ura ke fitarwa wani ne ya fara kaɗa shi da hannu, kuma na'urar ba ta iya bin karin magana yadda hammatar makaɗi ke yi.

Yadda ake farawa

Kafin shekara 5 yaro ba ya bukatar darasi. Waƙar reno, tafi, rawa da buga ƙwarya sun ishe shi. Daga shekara 6 ko 7, lokacin da yatsu suka yi ƙwari kuma zai iya zama wuri ɗaya na ɗan lokaci, ana iya fara abin kiɗa sosai. Ƙaramar ganga, kuntigi, sarewa ko ƙaramin fiyano sun fi sauƙin farawa. Goge da kukuma suna neman haƙuri, domin ba su da alamar inda ake sa yatsa, kunne ne kaɗai jagora, kuma watannin farko sautin ba ya da daɗin ji. Algaita da kakaki sai ƙirji ya yi ƙarfi, musamman algaita da ake busawa ba yankewa, ana shaƙar iska ta hanci alhali kumatu na tura wadda aka tara. Wanda ya wuce waɗannan shekaru bai makara ba, makaɗa da yawa sun fara suna samari.

Minti 15 ko 20 kullum sun fi sa'a uku a rana ɗaya cikin mako, domin hannu da maimaici yake riƙe abu. Ya kyautu a bar yaro ya zaɓi abin da kunnensa ke so, kuma kada a haɗa koyon da bulala, don tsoro yana sandarar da yatsu. Malamin Japan Shinichi Suzuki, wanda tsarinsa ya yaɗu a duniya, ya gina koyarwarsa a kan cewa yaro ya fara da sauraro da kwaikwayo kamar yadda ya koyi harshen uwa, karatun rubutaccen sauti ya biyo baya, iyaye kuma su zauna a wurin darasi. Duk wanda ya san gidan makaɗin Hausa zai ga kamannin. Zaman iyaye a wurin yana da wani amfanin, wato kariya. Koyon kiɗa bai wajabta wa yaro bin ƙungiya zuwa bikin dare ba, kuma iyaye na da haƙƙin sanin halin malami, da wurin da ake darasi, da irin kalmomin waƙar da ake koyarwa. A kula da kunne ma, domin tsayuwa kusa da manyan lasifikoki na tsawon lokaci na lalata ji, kuma jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa. 'Yan mata na da haƙƙi daidai da na maza a nan. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ƙwarya ta riƙe ƙungiyar amada ta mata shekaru da dama.

Babbar matsalar da ta rage ita ce ta malamai, kuma Nijar ta gwada wata hanya. A 1989 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, wadda ke koyar da kayan zamani da na gargajiya tare da adana tsofaffin kayan kiɗa. Malam Maman Barka, wanda malamin makaranta ne kafin ya yi suna da gurmi, ya yi aiki a nan. A 2002, da tallafin hukumar UNESCO, ya tafi yankin Tafkin Chadi ya zauna wurin Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne na ƙarshe da ya iya biram, abin kiɗa mai tsarkiya biyar da siffar kwalekwale na masuntan Buduma. Ya koya, ya dawo da shi Yamai, ya naɗi faifai da shi, ya kuma koyar da matasa kafin rasuwarsa a 2018. Irin wannan aiki ba ya bukatar babban gini. Makarantar firamare ko Islamiyya ko ƙungiyar unguwa na iya gayyatar makaɗin garin sau ɗaya a mako, a biya shi ladan koyarwa kamar kowane malami, a sa masassaƙi da majemi na gari su haɗa ƙananan ganguna da kuntigi daidai hannun yara, malamin aji kuma ya zauna ya kula da tsari da tarbiyya.